Yadda Ake Sauya Katin Girafik a Kwamfutar Tebur ta Kamfani Don Buga Gem

Kwamfutar da kamfani ya haɗa ya sayar a dunƙule, ko ta ofis ce irin su Dell OptiPlex, HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre da ake samu tokunbo a titin Beirut a Kano da Banex a Abuja, ko wadda aka yi takanas don gem kamar HP Omen da Alienware Aurora, ana iya ƙara mata ƙarfi da sabon katin girafik, wato katin da ke sarrafa hoton da ke fita a allo. Cirewa da sakawa ba wani abin tsoro ba ne, sukudireba ɗaya ta isa. Wajen saye ake tafka asara. Mutum ya ga kati ya burge shi, ya biya, ya zo gida ya tarar ko dai katin ya ƙi shiga, ko kuma babu wayar da za ta ba shi wuta. Dalilin kuwa shi ne kamfani yakan auna wuta da fili daidai da kayan da ya saka tun farko, ba ya barin rara mai yawa. Saboda haka kwamfutarka ce za ta faɗa maka katin da za ka saya, kuma sai ka buɗe ta ka duba kafin ka doshi kasuwa.

Ka fara tabbatar da cewa katin ne ke jan ƙafa

Kunna gem ɗin da ke ba ka wahala, ka yi wasa na ɗan lokaci, sannan ka danna Ctrl, Shift da Esc a tare, ka shiga sashen Performance na Task Manager. Idan GPU, wato katin girafik, yana kusa da kashi 100 alhali CPU, wato furosesa, yana da sauran numfashi, to katin ne, ci gaba da karatu. Idan kuwa CPU ne ya cika maƙil, GPU yana rabi, sabon kati ba zai ba ka abin da kake tsammani ba. Ka leƙa RAM ma. Sanda ɗaya mai giga 8 takan riƙe gem na zamani a wuya, sanda biyu masu giga 8 kowacce sun fi ta nesa, kuma gyaran ya fi sayen kati araha. Daga nan danna maɓallin Windows da R, rubuta msinfo32, ka kwafe cikakken sunan samfurin kwamfutar da na furosesa. Za ka buƙace su.

Akwatin wuta: nan ne maganar take

Kashe kwamfutar, zare fulogi daga bango, ka buɗe murfin gefe. Akwatin ƙarfen da wayar lantarki ke shiga, wanda masu gyara ke kira fawa fak, yana da takarda manne a jikinsa. Ka ɗauke ta hoto. Abu uku kake nema: jimillar wat ɗin da yake bayarwa, ko akwai wayar katin girafik a cikin wayoyinsa, da irin fulogin da ya haɗa shi da madabod, wato babban falankin da duk kayan ciki ke haɗe da shi.

Ga lissafin da komai ya rataya a kai. Dogon ramin da kati ke zama a kan madabod, wato PCIe x16, wat 75 ne iyakar abin da yake bayarwa. Duk katin da ya ci fiye da haka sai an jona masa waya kai tsaye daga akwatin wuta. Waya mai fil 6 tana ƙara wat 75, mai fil 8 tana ƙara 150, sabuwar mai fil 16 da manyan katunan Nvidia ke zuwa da ita kuma tana kaiwa 600. Yawancin kwamfutocin ofis ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan wayoyi.

Ɗauki OptiPlex 7040 mai dogon gida, wadda ke zuwa da akwatin wat 240, a ce da furosesa i5-6500 mai wat 65 a ciki. Ka ware kamar wat 40 a ƙiyasce don madabod, RAM, faifai da fankoki. Idan ka saka kati mai wat 75, jimilla 180 ke nan, akwai sarari. Idan ka ce RTX 3060 kake so, mai cin wat 170, ka tashi 275 a kan akwatin da ƙarfinsa 240. Jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi zai ɗan taka kafin ya durƙusa, haka kwamfutar za ta kunnu lafiya, sai gem ya ɗauki zafi ta mutu. Nvidia da kanta akwatin wat 550 ta ba da shawara a kan wannan katin.

Za ka ga ana sayar da 'yar waya mai juya fulogin faifai, wato SATA, zuwa fil 6 ko 8. Ina roƙonka ka bar ta a shago. Fulogin SATA an yi shi ne don kimanin wat 54, kai kuma kana neman jan 75 ko 150 ta cikinsa. Roba ce za ta narke, kuma wani lokaci da katin take tafiya.

Me zai hana a sauya akwatin wutar gaba ɗaya? A nan ne halin kamfanoni ke fitowa. Madabod na gama-gari fulogi mai fil 24 yake karɓa. Tsofaffin OptiPlex kamar 7010 da 9010 haka suke, amma daga 3020, 7020 da 9020 Dell ya koma nasa fulogin mai fil 8, wasu na bayansu kuma mai fil 6. HP da Lenovo ma suna da irin nasu a samfura da yawa. Akwai adafta daga fil 24 zuwa waɗannan, sai dai dole ta zama an yi ta ne don ainihin samfurinka, domin fulogi biyu na iya kama da juna a ido alhali jerin wayoyinsu ya bambanta. Ko an dace da adafta, sai ka duba ko sabon akwatin zai zauna a gurbin tsohon, ramukan noti su dace. A siraran kwamfutoci ba ya zama. Ra'ayina: idan fuloginka mai fil 24 ne kuma gidan dogo ne, sayi akwatin wat 550 ko 650 na kamfani sananne kamar Corsair, Seasonic ko Cooler Master, ƙofa ta buɗe maka. Idan ba haka ba, tsaya a katin da ba ya neman waya. Akwatin wuta marar suna da aka rubuta wa wat 600 a jiki kana ɗaga shi ka ji shi sakayau, kada ka haɗa shi da katin da ka kashe wa kuɗi.

Kwamfutocin gem na kamfani sun fi sauƙi, domin tuni suna da waya mai fil 6+2. Duk da haka ka ƙirga wayoyin. Wanda ya zo da ƙaramin kati sau da yawa waya ɗaya aka ba shi, babban kati kuwa biyu ko uku yake nema.

Awo

Ɗauko abin awo. Auna daga bayan gida, inda ƙarfen kati ke ɗaurewa, zuwa abu na farko da ya tare hanya a gaba: kejin faifai, fanka ko tarin wayoyi. Wannan ne tsawon da kake da shi, a milimita, domin da shi kamfanoni ke rubuta girman kati a shafukansu. Sannan kauri: katuna da yawa suna cin gurbi biyu, manya har uku. Sai tsayi, kuma ka bar wa wayar wuta wuri, don daga saman kati take fitowa, idan babu sarari murfi ba zai rufu ba.

Siririyar kwamfuta, wadda ake rubuta wa SFF, gajeren kati kawai take ɗauka, wanda ake sa wa alamar LP ko Low Profile a kwali, kuma ka tabbata gajeren ƙarfen bayansa yana cikin kwalin. Akwai wani tarko a wasu siraran OptiPlex: ramin x16 yana dab da akwatin wuta, don haka kati mai kaurin gurbi biyu ba ya shiga, ko da gajere ne. Ido ne zai nuna maka wannan, ba takarda ba.

Wane kati?

Ga wanda ba shi da wayar wuta, zaɓin ba yawa. RTX 3050 mai giga 6, wanda ya fito a 2024, wat 70 yake ci, akwai gajerensa, kuma shi zan fara nunawa. Kada ka rikita shi da RTX 3050 mai giga 8, wannan yana neman waya. GTX 1650 na 2019 wat 75 ne, ya fi araha a na hannu, amma giga 4 gare shi, kuma wasu nau'o'insa suna da ramin fil 6, sai ka duba hoton ainihin wanda za ka saya. RX 6400 na AMD wat 53 ne kawai, ana samunsa siriri mai gurbi ɗaya, shi ya sa yake shiga inda sauran suka ƙi. Rauninsa shi ne layi huɗu kawai yake amfani da su a ramin PCIe, don haka a tsohon madabod mai PCIe 3.0 yakan rasa wani ɓangare na gudunsa. Da waɗannan za ka buga eFootball, GTA V da Fortnite a 1080p ba tare da ɓacin rai ba, muddin ba ka ƙure saitin hoto ba.

Ga mai waya ɗaya mai fil 8 da akwatin da ya kai wat 450 zuwa 550: RX 6600 mai wat 132, RTX 4060 mai wat 115, ko RTX 3060 mai giga 12. RTX 4060 ya dace da kwamfutar kamfani ƙwarai saboda ƙarancin cin wutarsa, ƙarancin wuta kuma ƙarancin zafi ne a gidan da iska ba ta zagayawa sosai.

Katunan Intel Arc suna da farashi mai daɗi, amma suna buƙatar wani saiti mai suna Resizable BAR a BIOS, wato manhajar madabod da ke tashi kafin Windows, kuma tsofaffin kwamfutocin ofis ba su da shi. Ba tare da shi ba katin ba ya sakin jiki. GT 710 da GT 730 kuwa ba katunan gem ba ne, duk yawan gigar da aka rubuta a kwalinsu. Game da zamanin rami, kada ka damu: katin PCIe 4.0 yana aiki a ramin 3.0.

Idan na hannu za ka saya

Bayan Satumban 2022, lokacin da Ethereum ya daina amfani da katunan girafik wajen haƙar kuɗin kirifto, katunan da suka yi aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya, RX 580 a kan gaba. Ba dukansu ne suka lalace ba, amma ka sani fankarsu ta sha wuya. Akwai kuma na jabu: tsohon kati da aka sauya wa suna ya riƙa nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti. Alama mai sauƙi ita ce ramin VGA, mai shuɗin nan, a jikinsa, domin katunan jerin GTX 10 na gaskiya sun daina fitar da hoto ta wannan hanyar. Kada ka biya sai an saka katin a kwamfuta a gabanka. A buɗe manhajar GPU-Z, wadda ke tona asirin da yawa daga cikin na jabu, sannan a saki FurMark, manhajar gwada ƙarfin kati, ko gem mai nauyi na kamar minti goma sha biyar. Ɗigo-ɗigon launi, layuka a allo, ko fanka mai ƙarar gurnani, duk dalilin fasa ciniki ne. Ka nemi a rubuta maka kwanakin gwaji a rasit.

Shiri kafin ka kama sukudireba

Idan kwamfutar tana da garanti, karanta sharuɗɗansa tukuna. Shiga shafin kamfanin da lambar samfurinka ka duba ko akwai sabon BIOS, domin yakan warware matsalar ƙin karɓar sabon kati. Amma kada ka sabunta BIOS a kan wutar NEPA tsurarta. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, madabod na iya ƙin tashi, don haka sai da UPS ko inbata.

Duba ko BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle faifai da shi, yana kunne. Sauya kayan ciki kan sa Windows ya nemi mabuɗinsa mai lamba 48, wanda galibi yana ajiye a asusunka na Microsoft. Kwafe shi a takarda tun yanzu.

Sauke direban sabon katin, wato manhajar da ke sa Windows ya yi aiki da shi, daga shafin Nvidia, AMD ko Intel ka ajiye. Idan akwai tsohon kati a ciki, musamman idan daga Nvidia za ka koma AMD ko akasin haka, sauke manhajar DDU, mai goge tsohon direba, ita ma. Cire intanet don kada Windows ya cusa nasa direban. Riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ka zaɓi lamba 4 don shiga Safe Mode. Buɗe DDU, zaɓi kamfanin tsohon katin, ka danna Clean and shutdown. Wanda kwamfutarsa ba ta taɓa ganin kati ba, hoton da furosesa ke fitarwa da kansa kawai take amfani da shi, ya tsallake wannan matakin.

Cirewa da sakawa

Zare duk wayoyin baya. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe na daƙiƙa goma don ragowar wuta ta fita. Kwantar da kwamfutar a kan tebur, ba a kan kafet ko katifa ba, kuma ka taɓa ƙarfen gidan kafin ka taɓa komai a ciki. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa, jiki kan tara cajin nan da ke tsikarar mutum idan ya taɓa ƙofar mota, kuma ya isa ya illata kayan lantarki.

Idan akwai tsohon kati, danna ɗan kunnen fulogin wutarsa ka zare. Kwance notin da ya ɗaure shi a baya, ko ka ɗaga maƙallin da Dell da HP ke sawa a madadin noti. Wasu kwamfutocin gem suna da ƙarfe ko roba da ke tallafe katin, cire shi ka ajiye. Yanzu ka kula: a ƙarshen ramin PCIe akwai ɗan makulli na roba. Danna shi ƙasa ko ka tura shi gefe, gwargwadon irinsa, kafin ka ja katin. Idan katin ya ƙi fitowa, makullin ne bai saki ba. Masu ja da ƙarfi su ne ke ɓalle ramin daga madabod.

Cire murafun ƙarfe na baya daidai da kaurin sabon katin. Zare robar da ta rufe haƙoransa masu ruwan zinariya, ka riƙe shi ta gefe-gefe, kada yatsa ya taɓa haƙoran. Daidaita shi da ramin x16 mafi kusa da furosesa, ka tabbata harshen ƙarfen bayansa ya faɗa tsakanin madabod da gida, sannan ka danna gaba da baya daidai wa daida har ka ji makullin ya ce ƙas. Duba ta gefe: bai kamata a ga zinariyar a waje ba. Ɗaure noti.

Sai waya. Ta katin girafik ana rubuta mata PCIe ko VGA, kuma tana rabuwa 6+2. Ta furosesa tana rabuwa 4+4, an rubuta mata CPU. Suna kama, amma jerin wutarsu ba ɗaya ba ne, idan ta ƙi shiga da sauƙi kada ka tilasta. Kati mai ramuka biyu a cike duka biyun, kuma wayoyi biyu daban sun fi waya ɗaya mai kai biyu. Idan sabon akwatin wuta mai wayoyin cirewa ka saka, yi amfani da wayoyin da suka zo da shi kawai, na wani akwatin na iya ƙona kayanka ko da sun shiga. Mai fil 16 kuwa a tura ta har ƙurya, kada a bar ko ɗan tsagi, kada kuma a lanƙwasa ta dab da fulogi. Narkewar fulogin da aka yi ta magana a kai a RTX 4090 a ƙarshen 2022, Nvidia ta danganta shi ne da rashin tura wayar har ƙarshe.

Kawar da duk wayar da ke kusa da fankar katin. Kada ka rufe murfi tukuna.

Kunnawa

Wayar monita a jikin katin za ka jona ta, ba a ramin madabod na sama ba. Wannan kuskuren shi ya fi kowanne yawa, har mutum ya yi ta wasa da hoton furosesa yana zagin sabon kati. Idan monitarka VGA kawai take da shi, sai ka sayi adaftar HDMI zuwa VGA, ko ka fara tunanin sabuwar monita.

Hoton farko zai fito manya-manya, ba komai. Saka direban da ka ajiye, ka sake kunna kwamfutar, sannan ka mayar da intanet. Shiga Advanced display a saitin Windows ka zaɓi gudun monitar, domin mai 144Hz takan zauna a 60 idan ba a taɓa ta ba. Buɗe GPU-Z ka ga sunan katin daidai ne. Yanzu rufe murfi, ka buga gem mai nauyi na rabin awa kana kallon zafi da manhajar MSI Afterburner ko HWiNFO. Digiri 65 zuwa 80 daidai ne. Idan yana wuce 85 yana zama a can, iska ce ta yi kaɗan. Fankar wasu katuna ba ta juyawa sai sun ɗumama, wannan ba lalacewa ba ce.

Idan allo ya yi baƙi: duba inda wayar monita take, sake zaunar da katin, sake tura wayar wuta. Idan duk da haka shiru, cire katin, ka jona monita a ramin madabod, ka shiga BIOS da F2 a Dell ko F10 a HP, ka tabbata tana kan UEFI, wato sabon tsarin tashin kwamfuta. Idan Windows ɗinka a tsohon tsari na Legacy aka saka shi, kada ka juya saitin kai tsaye, ba zai tashi ba sai an sauya tsarin faifan. Idan kwamfutar tana mutuwa ne kawai a tsakiyar gem, koma kan lissafin wat. Idan Device Manager na Windows ya nuna kuskuren Code 43 a kan katin, goge direba da DDU ka sake sakawa, in ya dawo, gwada katin a wata kwamfutar tun kwanakin gwajinka ba su ƙare ba.

Zafi, ƙura da wutar gida

Gidan kwamfutar ofis sau da yawa fanka ɗaya gare shi, an kuma yi shi ne don ɗaki mai sanyi. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, iskar da ke shiga ma da zafinta take zuwa. Idan akwai gurbin fanka a gaba, ƙara ɗaya. Ɗaga kwamfutar daga ƙasa, ka janye ta daga bango. Taƙaita gudun gem zuwa hoto 60 a daƙiƙa idan monitarka 60Hz ce, kati zai huta, ɗaki ma zai rage zafi. A lokacin hunturu ka riƙa buɗewa kana hure ƙura duk wata, kana riƙe fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima.

Wasu tsofaffin akwatunan wuta suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Kwamfutar da ta fito daga Amurka tana iya zuwa a kan 115, mu kuwa 230 muke amfani da shi, don haka ka duba kafin fulogi ya taɓa soket. Sannan ka sake lissafin UPS ɗinka. Ƙaramin nan mai 650VA bai kai wat 400 ba, kuma wanda ya riƙe kwamfutar lafiya kafin sabon kati yana iya yin kuka ya mutu da zarar an ɗauke wuta kana tsakiyar wasa. Haɗa wat ɗin kwamfuta da na monita, ka nemi UPS da ya ɗara su, idan kuma wutar unguwarku tana hawa da sauka, sa sitabilaiza a gabansa. Tsohon katin kuma kada ka yi gaggawar sayarwa, saka shi a ledar da sabon ya zo a ciki ka ajiye har sai sabon ya yi 'yan makonni yana aiki lafiya.